Na'urar Sanyi: Kishiyarmu Ce Ko Abokiyar Arzikinmu?

Idan aka ce mutum ya lissafa ƙere-ƙeren da suka juya rayuwar ɗan Adam, galibi abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne mota, jirgin sama, lantarki, rediyo, ko kuwa wannan wayar hannu da kowannenmu yake yawo da ita a aljihu. Da wuya ka ji wani ya ambaci firji. Ga shi nan dai a lungun shago yana ta gurnani dare da rana, an mai da shi ma'ajiyar ruwan leda da lemo. To amma mu da abincinmu yake tafiya a kan ƙafa huɗu, ya kamata mu san cewa a duk duniya babu wata na'ura da ta girgiza cinikin dabbobi kamar wannan akwatin. Ta azurta waɗansu ƙasashe, ta rufe mayanka a waɗansu, mu ma nan Gana ta taɓa aljihunmu, kuma har gobe ba ta gama da mu ba. Saboda haka muka ga ya dace mu bi tarihinta daga tushe, domin mu san da wa muke zaune.

Kafin Zuwan Sanyi

Kowane mahauci ya san cewa nama ba ya jira. Daga lokacin da aka sa wuƙa, agogo ya fara bugawa, kuma a irin zafin ƙasashenmu abin da aka yanka da asuba in ya kwana sai dai wani labarin. Tun fil'azal dabara uku ce ɗan Adam yake da ita. Ko dai ya busar da naman, kamar yadda muke yin kilishi da banda, ko ya cika shi da gishiri, ko kuma ya kora dabbar da ranta har zuwa ƙofar mai ci.

A kan wannan ta ukun aka gina sana'armu. Iyayenmu da kakanninmu sun koro shanu da ƙafa daga ƙasashen da a yau ake kira Mali, Burkina Faso da Nijar, su biyo ta Salaga, su ƙetare kogi a Yeji, su yada zango a Prang da Atebubu, kafin su shigo Kumasi bayan makonni suna tafiya. A hanya ga ƙudan tsando, ga sammore, ga ɓarayi, kuma san da ya baro gida da tozo a miƙe sai ya iso haƙarƙari a waje. Duk wannan wahala dalilinta guda ne: ba yadda za a yi nama ya yi tafiyar sai a kan ƙafafunsa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A ƙarni na 19 ƙasashen Ajantina da Ostareliya da Niyuzilan suna da dabbobi fiye da abin da mutanensu za su iya ci. A Ajantina akan yanka sa saboda fata da kitse, naman kuwa a yi masa gishiri a sayar da arha. A Ostareliya har tafasa tumaki aka riƙa yi a manyan tukwane don kawai a tatsi kitsen a yi kyandir da sabulu. A daidai wannan lokaci kuma ma'aikatan masana'antu a Landan da sauran biranen Ingila suna kukan tsadar nama. Ga ƙoshi, ga yunwa, teku ta raba.

Daga Ƙanƙarar Tafki Zuwa Inji

Wanda ya fara mai da sanyi haja shi ne wani ɗan kasuwar Boston ta Amurka mai suna Frederic Tudor. A ƙasarsu tafkuna kan daskare da hunturu, sai ya sa aka riƙa yanko ƙanƙarar ana loda ta a jirgin ruwa. A 1806 ya aika da kayan farko zuwa tsibirin Martinik, mutane suna ta yi masa dariya, kuma lalle ya tafka asara, har ya sha ɗauri saboda bashi. Bai daddara ba. Ya gano cewa garin katako yana hana ƙanƙara saurin narkewa, kuma a 1833 ya aika da tan 180 har Kalkata ta Indiya, inda bayan wata huɗu a teku kimanin tan 100 ya isa lafiya.

Amma dogaro da tafki ba ya kai mutum ko'ina, sai masu ilimi suka shiga neman yadda za a ƙera sanyin da inji. A 1834 Jacob Perkins ya yi rajistar irin wannan inji a Landan. A 1851 wani likita a Florida, John Gorrie, ya yi rajistar injin ƙanƙara da ya ƙera don sanyaya ɗakin masu fama da zazzaɓi, amma ya mutu a 1855 ba tare da ya ci moriyarsa ba. A Ostareliya kuma wani ɗan jarida, James Harrison, ya lura cewa ruwan da yake wanke haruffan ɗab'i da shi yana barin ƙarfen da sanyi idan ya bushe, daga nan ya ƙera injin da aka fara ciniki da shi a shekarun 1850. Bajamushe Carl von Linde ne ya zo a shekarun 1870 ya inganta abin ya zama injin da masana'antu za su dogara da shi.

To, yaya abin yake aiki? Sirrin yana nan a gindin randar da ke tsakar gidanmu. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi, shi ya sa na ciki yake sanyi. Haka kake jin sanyi a dantse idan malamin asibiti ya goga maka ruwan nan kafin allura. A cikin firji akwai wani ruwa mai saurin zama tururi da yake zagayawa a cikin bututu. Idan ya shiga akwatin sai ya zama tururi ya zuƙe zafin da ke ciki, sa'an nan kwamfureso ya matse shi, ya amayar da zafin a waje, ya koma ruwa, ya sake zagayowa. Shi ya sa in ka taɓa bayan firji za ka ji shi da zafi. Da wannan hikima ta randa ce wani malami a Jihar Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Abu guda da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da nama, sa su barci kawai yake yi. Tsakanin digiri 0 da 4 nama zai yi kwanaki, a digiri 18 ƙasa da sifiri kuwa zai yi watanni. Da zarar ya huce, sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya.

Nama Ya Hau Teku

Shi wannan Harrison ne ya fara gwada aika daskararren nama daga Ostareliya zuwa Landan a 1873. Bai sa inji a jirgin ba, ya dogara da ƙanƙarar da ya loda, ita kuwa ta ƙare a tsakiyar teku, naman ya lalace, shi ma ya karye. A 1876 wani Bafaranshe, Charles Tellier, ya ɗora injin sanyi a jirgin da ya tashi daga Ruwan ta Faransa ya isa Bones Ayres ta Ajantina bayan kwana 105 da nama a cikinsa. Shi ma dai, Allah Sarki, cikin talauci ya mutu a Paris a 1913.

Tafiyar da ta buɗe ƙofa sosai ita ce ta wani jirgi mai filafilai da ake kira Dunedin. Da aka fara lodi a ƙarshen 1881 sai wani ƙarfe ya karye a injin, dole aka sauke naman aka sayar a gari. Aka gyara, aka sake yanka, jirgin ya bar Niyuzilan ranar 15 ga Fabrairu, 1882 da gawar tumaki kusan 5,000. Da suka iso yankin zafi sai iska ta ɗauke, sanyi kuma ya daina zagayawa a cikin rumbun. Kyaftin ɗin, John Whitson, da kansa ya rarrafa ciki yana huda ƙofofin iska, har sanyi ya kusa kashe shi, sai da igiya aka jawo shi. Bayan kwana 98 suka isa Landan, kuma a cikin duk kayan gawa ɗaya tak aka ce ba ta ciwuwa. Daga nan Niyuzilan ta zama mahautar Ingila, Ajantina ma ta fara gina manyan mayanka masu sanyi a bakin kogi, makiyayanta suka shiga cikin manyan attajiran duniya.

Darasin Wani Falke Ɗan'uwanmu

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Gustavus Swift, domin shi ɗan sana'armu ne. Yaron mahauci ne tun yana shekara 14, daga baya ya zama falken shanu, ya koma Shikago a 1875. A lokacin ana loda shanu da rai a jirgin ƙasa daga Shikago zuwa Niyok da Boston, tafiyar kwanaki, waɗansu su mutu, waɗansu su karye, duka kuma su rame. Swift ya zauna ya yi lissafi, ya ga cewa kusan rabin nauyin da yake biya wa kuɗin jirgi ba nama ba ne, ƙaho ne da kofato da fata da abin da ke cikin tumbi. Sai ya ce me zai hana a yanka a Shikago a aika da naman kaɗai?

Ya ɗauki wani injiniya, Andrew Chase, wanda a 1878 ya tsara masa tarago mai rumbun ƙanƙara a sama, nama a ƙasa. Manyan kamfanonin jirgin ƙasa suka ƙi jan taragunsa, domin sun zuba dukiya a taragun shanu da turakun hanya. Sai ya ƙera nasa, ya bi da su ta wani layi da ya ratsa Kanada. Mahautan biranen gabas suka tashi tsaye, suka kafa ƙungiya a 1886, suka riƙa gaya wa jama'a cewa naman da ya yi kwanaki a hanya guba ne, har suka sa waɗansu jihohi suka yi dokar cewa sai an duba dabba da ranta a cikin jihar kafin a sayar da namanta. A 1890 kotun ƙoli ta soke irin wannan doka ta Jihar Minesota. Mai saye kuwa arha ya bi. Cikin 'yan shekaru mahauta da yawa suka ajiye wuƙa suka koma masu sayar da naman kamfani, ciniki ya tattaru a hannun kamfanoni ƙalilan, su ke yanka wa makiyayi farashi, su ke yanka wa mai ci.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, waɗanda suka yaƙi sanyi da baki da takarda ba su ci nasara ba. Na biyu, riba ta bar hannun mai shanu ta koma hannun mai ɗakin sanyi. Daga baya wani baƙar fatan Amurka, Frederick Jones, ya ƙera injin sanyin da ake ɗaura wa babbar mota, aka ba shi rajista, wanda shi ne kakan waɗannan motocin da muke gani suna fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Tema.

Ranar Da Abin Ya Iso Gaɓarmu

Dattawanmu ba za su manta da ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 ba. Ƙasashen Turai sun tallafa wa manomansu har nama ya yi musu yawa, rumbunan sanyi suka cika. Sai hukumarsu ta riƙa biyan 'yan kasuwa tallafi don su fitar da shi waje, kuma mafi yawan abin da aka turo mana yanki ne mai kitse da su can ba sa so. Ya sauka a Abijan da Tema da sauran tashoshi a kan farashin da babu san da zai iya gogayya da shi, a lokacin da makiyayan Sahel ba su gama farfaɗowa daga farin 1984 ba. Falke ya sha wahala ya kawo shanu, su yi kwana da kwanaki a turke yana sayen ciyawa da ruwa, mahauci ya zo ya taya kamar da wasa, domin ya san matan kasuwa sun koma layin kwali.

Abu biyu ne suka kawo sauƙi. A 1993 waɗansu ƙungiyoyin agaji na Turai suka yi ta fallasa wannan ciniki har hukumarsu ta rage tallafin. Sa'an nan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, naman waje ya yi tsada a ƙasashen sefa, shanun Sahel kuma suka yi sauƙi ga mai riƙe da sidi. Ciniki ya dawo. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba dabararmu ce ta cece mu ba, an yanke shawarar ne a ofisoshin da ko ƙofarsu ba mu sani ba.

Kwalin bai tafi ba, kaya ya sauya. Masu kiwon kaji su ne suka sha kashi bayanmu, domin mafi yawan kajin da ake ci a Gana a yau daga Turai, Amurka da Birazil suke zuwa a daskare. A 2003 majalisa ta amince da ƙarin haraji a kan kajin waje, amma ba a daɗe ba aka janye shi. A Kamaru kuwa gangamin da wata ƙungiyar farar hula ta yi daga 2004 ya sa gwamnati ta taƙaita shigo da su. Kada wani ya ce ai kaza ba sa ba ce. Uwargida da kuɗin cefanenta a ƙulle a bakin zane ba ta tambayar ƙaho ko fiffike, abin da zai ƙosar da yara take nema. Duk cinyar kaza ko kifin kwali da ya shiga tukunya, wani yankin naman sa ne ya rasa wuri.

Alherin Da Ba Za Mu Musa Ba

Duk da haka, zai zama butulci mu ce sanyi sharri kaɗai ya kawo mana. Ciwon bushiya ya share shanun Afirka a farkon shekarun 1890, ya sake dawowa a farkon na 1980 ya yi ɓarna a yankinmu. Allurar da likitan dabbobi Walter Plowright ya samar a Kenya ita ce ta karya lagonsa, kuma wannan allura sai da sanyi take rayuwa. Da yawa daga cikinmu mun ga ma'aikatan dabbobi suna shiga ruga da akwatin ƙanƙara a bayan babur, ko firji mai aiki da kananzir a ofishinsu. Sai daga baya aka samo irin wadda take jure zafi, aka kai ta lungunan da mota ba ta shiga, har a 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya. Allurar rigakafin yaranmu, da jinin da ake ƙara wa mai haihuwa, da maganin masu ciwon sukari, duk a cikin wannan akwati suke kwana.

Ina Muka Dosa?

Akwai masu cewa mu kwantar da hankalinmu, kuma suna da hujja. Lissafin Swift bai zauna daidai a kanmu ba, domin mu ba ma zubar da komai. Kai, ƙafa, kayan ciki, bindi, har fatar da ake babbakewa a yi ganda, duk kuɗi ne, sau da yawa ma a nan ribar mahauci take. Mutanenmu sun fi son naman da aka yanka yau, sun ga jininsa, sun san wanda ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Layya da suna da biki kuwa sai da dabba mai rai. Ga kuma matsalar wuta: wanda ya ga irin ɗauke-ɗauken da aka sha a ƙasar nan tsakanin 2012 da 2016 ya san abin da ake nufi da ɗakin sanyi ya huce da kaya a ciki. Masana'antar nama da aka gina a Zuarungu kusa da Bolgatanga a zamanin Nkrumah, don a yanka a arewa a kawo kudu, ita ma ba ta ɗore ba. Duk wannan gaskiya ne.

To amma mu dubi ɗaya gefen. Manyan otal-otal, da kantunan zamani, da kamfanonin haƙar ma'adinai, da gidajen abinci na Akra da Kumasi, suna son nama a yanke, a auna, a sanyaye, a kawo a kan lokaci da takardar likita. Wannan ita ce kasuwar da ta fi tsoka, kuma wanda ba shi da sanyi ba ya ko shiga layinta. Yaran da suke tasowa a birni kuma ba su da ƙyamar naman firji irin ta iyayensu.

Sa'an nan ga ciwon da ke cikin gidanmu, wato bashi. Kowa ya san yadda abin yake a Tulaku da Kumasi: mahauci ya karɓi sa a kan amana, mai gida ya tsaya masa, falke ya zauna jiran kuɗi. La'asar na yi, naman da ya rage dole a karya farashinsa ko a yi banda da shi, gobe mahauci ya zo da kuɗi ba su cika ba, a shiga sallama da rantse-rantse, baƙo ya ƙara mako guda a zango yana cin uwar kuɗinsa. Sau nawa zumuncin shekara ashirin ya ɓaci a kan naman da rana ta faɗi a kansa? Da akwai wurin da mahauci zai rataye ragowar nan ta kwana lafiya, da rabin ƙarar da ake kawo wa shugabanninmu da sarkin fawa ba ta taso ba.

Saboda haka shawarar da muke bai wa 'yan'uwa ita ce, mu daina kallon sanyi a matsayin kayan Turawa da masu kwali. Ba mu ce kowa ya sayar da shanunsa ya sayi inji ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A fara da ƙarami: ɗaki guda kusa da mayanka, na haɗin gwiwa tsakanin fatake, masu gida da mahauta, a riƙa biyan kuɗin kwana a kan kowace ƙafa, a ajiye littafi, a ware na gyara tun kafin a raba riba. A nemi ƙwararren mai gyara tun ranar farko, a haɗa da faifan hasken rana, wanda a yanzu ya yi sauƙi ƙwarai fiye da da, don kada a dogara da layi ɗaya. A kuma tuna cewa tun 2013 doka ta hana shigo da tsofaffin firji ƙasar nan, kada arha ta ja wani ya jefa kuɗin jama'a a rijiya. Yaranmu da suka yi makaranta kuwa, a tura waɗansu su koyi aikin sanyi da yankan nama irin na zamani, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kakanninmu sun ga zuwan babbar mota, waɗansu suka ce shanu ba za su taɓa hawa ba, yau ga shi daga Paga zuwa Ashaiman a tirela ake kawo su. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Muna roƙon shugabannin rassa da su sa wannan magana a cikin abin da za a tattauna a zamansu na gaba, su aiko mana da ra'ayin mutanensu, na masu goyon baya da na masu ja, za mu buga duka in Allah Ya so.

Allah Ya sa albarka a dukiyarmu, Ya kare matafiyanmu a hanya, Ya ba mu ikon biyan amanar da ke wuyanmu, amin.